Buɗe jami'o'inmu ga duniya: riba ce ga Damagaram, ko hanyar kwashe mana ƴaƴa?

Tambayar ta fito ne daga wani dattijo, tsohon malamin makaranta a unguwar Birni ta Damagaram, wanda ɗiyarsa ta ci jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, a bana. Ya ce kullum yana jin shugabannin jami'o'i suna maganar hulɗa da ƙasashen waje, da sa hannu a yarjejeniyoyi, da tsarin LMD (lisansi, masta, doktora), amma bai ga abin da talaka ya samu a ciki ba. Yana so a bayyana masa abin da wannan hulɗa ta ƙunsa, da ko jami'ar garinmu tana cin moriyarta, sannan a ba shi shawara: ya bar yarinyar ta yi karatu a gida, ko ya sayar da abin da ya mallaka ya tura ta waje?

Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, ya kuma sanya albarka a karatun wannan yarinya. Zan fara da faɗa maka matsayina, domin ka san inda bayanina ya dosa. Ina cikin masu ganin cewa babu jami'ar da za ta rayu a wannan zamani idan ta rufe ƙofarta, amma ban yarda a auna hulɗa da duniya da yawan takardun yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba, ko da yawan tafiye-tafiyen da shugabanni suka yi. Ma'aunin da na amince da shi ɗaya ne: ɗalibin da ya yi karatunsa kaf a Damagaram, bai taɓa hawa jirgi ba, shin ilimin da ya samu da takardar da aka ba shi suna da daraja a Wagadugu da Kano da Rabat kamar yadda suke da ita a nan? Idan amsar ita ce e, to jami'ar ta buɗu ga duniya. Idan kuwa ba haka ba, duk sauran bukukuwan ba su tsinana wa iyaye irinka komai ba.

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, kuma kai ka fi ni sanin haka. Tun zamanin sarakunan Damagaram na ƙarni na 19, almajirai suna tafiya gabas zuwa Barno domin haddar Alƙur'ani, suna zuwa Kano da Katsina da Zariya domin littattafan fiƙihu da nahawu, wasu kuma su bi hanyar hajji su tsaya a Azhar ta Masar shekara da shekaru kafin su dawo. Da boko ya zo, ƴan ƙalilan da aka zaɓa aka riƙa turawa makarantar William Ponty a Senegal, inda su Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatu, daga baya kuma Dakar da Faransa. Ƙasarmu ba ta samu cibiyar ilimi mai zurfi ta kanta ba sai a 1971, wadda ta zama Jami'ar Yamai a 1973. Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta kafa domin ɗaliban Afirka ta Yamma, ta fara aiki a 1986. Jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa sun zo a 2010, na Agadas da Doso da Difa da Tilaberi kuma a 2014. Mutanen da aka sa wa jami'o'inmu sunayensu ma ƴaƴan wannan fita ne. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, a Faransa ya karanci kimiyyar fiziks, ya dawo ya jagoranci binciken makamashin hasken rana a Yamai. André Salifou, ɗan garin nan, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, a can ya yi karatunsa mai zurfi, amma tarihin Damagaram ya zaɓa ya rubuta, kuma shi ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne yawa da kuɗi. A shekarar 2000 ɗaliban da ke karatu a wajen ƙasashensu a duniya baki ɗaya sun kai kimanin miliyan 2, bayan shekara ashirin kuma sun haura miliyan 6. Ƙasashe irin su Ingila da Ostireliya da Kanada da Amurka sun mayar da karɓar ɗaliban waje babbar hanyar samun kuɗin shiga, inda baƙo kan biya ninki biyu ko uku na abin da ɗan ƙasa ke biya. Faransa, wadda ta daɗe tana karɓar ƴaƴanmu da kuɗi kaɗan, ta ƙara wa waɗanda ba ƴan Tarayyar Turai ba kuɗin rajista a 2019, zuwa yuro 2,770 a shekara a matakin lisansi da yuro 3,770 a matakin masta, wato fiye da sefa miliyan 1 da dubu 800 da kuma kusan miliyan 2 da rabi, ko da yake jami'o'inta da dama sun ci gaba da yafe wa ɗalibai wannan ƙari. Saboda haka idan wakilin wata makarantar waje ya zo otal a Yamai ko Damagaram yana raba takardun talla masu sheƙi, ka sani cewa ciniki ya kawo shi. Ciniki ba laifi ba ne, amma mai saye ya kamata ya san cewa shi mai saye ne.

Yanzu ga batun LMD da ka ce kana ji. A 1999 ministocin ilimi na ƙasashen Turai 29 suka haɗu a birnin Bolonya na Italiya, suka amince su daidaita matakan karatun jami'a, domin ɗalibi ya iya fara karatu a wata ƙasa ya ƙarasa a wata. Jami'o'in Afirka ta Yamma masu aiki da Faransanci suka bi sahu: suka kafa ƙungiyar REESAO a Lome a 2005, sannan UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta fitar da umarni a 2007 cewa dukan ƙasashenta su koma wannan tsari. Tsohon tsarin da kuka sani, mai matakai da yawa kafin a kai ga digirin doktora, ya koma hawa uku: lisansi a shekara uku, masta a shekara biyu, doktora a shekara uku. An raba shekara gida biyu, kowane zango yana da kiredi 30, don haka lisansi kiredi 180 ne, masta kuma 120. Kiredin nan kamar tiya yake a kasuwar hatsi: idan kasuwar Dole da ta Matamai da ta Magariya sun yarda da girman tiya guda, mai gero zai iya auna kayansa a nan a karɓa a can ba tare da gardama ba. Wannan shi ne amfaninsa, kuma ba ƙaramin amfani ba ne. Amma tsarin ya ɗauka cewa kaso mai yawa na aikin ɗalibi shi kaɗai zai yi shi, a ɗakin karatu ko a gaban kwamfuta ko a ɗakin gwaje-gwaje, kuma malami zai riƙa bibiyar ƴan ƙananan rukunoni yana gwada su a kai a kai. A inda ɗalibai ɗaruruwa ke cunkushe a zaure guda, littattafai ba su wadata ba, wutar lantarki da intanet kuma suna zuwa suna ɗaukewa, abin da ake samu shi ne sunayen matakai sun sauya alhali koyarwar tana nan yadda take, malami yana shifta ɗalibai suna rubutawa. Wannan shi ne babban gyaran da ya rage mana, kuma ba wata ƙasar waje ce za ta yi mana shi ba.

Akwai wata hukuma da iyaye ba su cika sanin ta ba, alhali ita ce ginshiƙin darajar takardunmu a ƙetare, wato CAMES, wadda aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu, da ƙasashe mambobi 19. Malamin jami'a a Damagaram ba ya samun ƙarin girma don shugaban jami'arsa ya ga dama. Sai ya tattara rubuce-rubucensa na bincike ya aika, kwamitin ƙwararru daga ƙasashe daban-daban ya duba, a fannonin likitanci da shari'a da tattalin arziki kuma har da gasar da ake tsayawa gaban alƙalai a yi darasi. Haka nan hukumar tana da shirin tantance takardun digiri, inda makaranta ke gabatar da kwas ɗinta a duba malamansa da manhajarsa kafin a amince da shi. Ni a ganina wannan ita ce hulɗa da waje mafi inganci da muke da ita, domin ƴan Afirka ne ke auna junansu da ma'auni guda. A sama da wannan akwai yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 kan amincewa da takardun karatu a nahiyar Afirka, da yarjejeniyar duniya ta UNESCO ta 2019 wadda ta fara aiki a 2023, amma waɗannan ba su kai ga taɓa rayuwar ɗalibi kai tsaye kamar yadda CAMES ke yi ba.

Inda nake so in daɗe shi ne kudu da mu, domin a nan nake ganin asararmu ta fi yawa. Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce, zuwa Kano kuwa ba ta kai 250 ba. A Kano akwai Jami'ar Bayero, a Zariya akwai Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa tun 1962, a Sakkwato akwai ta Usmanu Ɗanfodiyo, kuma dukansu suna zaune a cikin jama'ar da muke yare ɗaya da ita, muke auratayya, muke noma gero da wake iri ɗaya a ƙasa iri ɗaya, cututtukan da ke damun yaranmu kuma su ne ke damun nasu. Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ɗaya daga cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya fara tallafa wa a 2014, kuma an kafa irin waɗannan cibiyoyi ne da sharaɗin su karɓi ɗalibai daga maƙwabtan ƙasashe. Duk da haka, sau da yawa ya fi sauƙi ga malaminmu ya rubuta takardar bincike tare da wani a Faransa fiye da takwaransa na Kano, saboda kuɗin binciken daga Turai yake fitowa, harshen aikin ya bambanta, kuma Najeriya ba ta cikin CAMES, tana da tata hukumar tantance jami'o'i mai suna NUC.

Gardamar da aka fi yi a tsakanin tsarin biyu ita ce ta shekaru. Jami'in da ke duba takarda a Najeriya yakan ga lisansi na shekara uku ya ce bai kai digirinsu na shekara huɗu ba. Amma lissafin a bayyane yake: ɗanmu yana yin shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, jimla 13 kafin ya ci bak, ɗan Najeriya kuma yana yin 6 da 3 da 3, jimla 12. Idan ka ƙara 3 a kan 13, ko 4 a kan 12, duk 16 za ka samu. Wannan abu ne da yarjejeniya bayyananna tsakanin jami'o'in Damagaram da Maraɗi da na arewacin Najeriya za ta iya warwarewa, a rubuta ƙarara cewa mai lisansi a fanni kaza yana iya shiga masta a sashe kaza, a kuma shirya masa wata shida na koyon Turanci. Ƴan Najeriya ma suna ƙetarowa wajenmu, musamman jami'o'i masu zaman kansu na Maraɗi, kuma yajin aikin malaman jami'o'insu, wanda a 2022 ya ɗauki wata takwas, yana cikin abin da ke turo su. Ashe hanyar a buɗe take ta ɓangarorin biyu, tsari ne kawai ba a yi mata ba.

Batun harshe yana tafe da wannan. Mafi yawan mujallun kimiyya da ake karantawa a duniya da Turanci ake buga su, har masu bincike na Faransa da Jamus da Sin da shi suke rubutu idan suna so a karanta su. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Idan aka ɗauki wannan da gaske, Damagaram na cikin garuruwan da suka fi dacewa su ci moriyarsa, domin jami'o'in arewacin Najeriya sun shafe shekaru masu yawa suna koyar da Hausa har matakin doktora, suna da ƙamusoshi da littattafai da ƙwararrun da za mu iya aiki da su gobe. Ɗalibin da ya fita daga jami'armu yana iya karanta takardar bincike da Turanci, ya rubuta rahoto da Faransanci, ya kuma bayyana wa manomi ko majinyaci abin da ya gano da Hausa mai kyau, ya riƙe abin da takwarorinsa da yawa a wasu ƙasashe ba su da shi.

Ka tambaya ko jami'ar garinmu tana cin moriya. Amsar ta dogara da irin haɗin gwiwar da aka ƙulla, domin iri biyu ne, kuma na ga kowannensu da idona. A iri na farko, baƙi su ne ke zuwa da tambayar binciken a rubuce, da kuɗin, da jadawalin aiki. Malamanmu da ɗalibanmu su ne ke shiga ƙauyuka cikin zafin bazara, su yi tafinta, su cike takardun tambayoyi, su ɗebo ƙasa ko ruwan rijiya a ƴan kwalabe, su liƙa wa kowace lamba, a jera su a akwati a sa a jirgi. Bayan shekara biyu sai takarda ta fito a wata mujalla da ɗakin karatunmu ba ya iya biyan kuɗinta, sunan namu yana can ƙarshe ko a cikin godiya, na'urar awon kuma ba ta taɓa sauka a ƙasarmu ba. Wannan ba haɗin gwiwa ba ne, ƙwadago ne. A iri na biyu, tare ake tsara tambayar, ana raba kasafin kuɗi a fili, ana sayen kayan aiki a girke su a nan tare da horar da wanda zai gyara su idan sun lalace, ɗaliban doktora kuma suna da malamai biyu masu kula da su, ɗaya a gida ɗaya a waje, suna yin ƴan watanni a can su dawo su ƙarasa a nan. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, wadda ke horar da ƴan ƙasashen Sahel kan yanayi da ruwa da noma, da shirin WASCAL da Jamus ke tallafa wa, wanda ya kawo ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma su karanci sauyin yanayi da makamashi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sun nuna cewa Nijar na iya zama inda ake zuwa, ba inda ake bari kawai ba.

Kuma muna da abin da za a zo nema. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Magariya da Matamai da Mirya, tare da na jihar Maraɗi, suka koma barin tsiron gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna sassabe su maimakon tumɓuke su, har masu bincike suka ƙiyasta cewa fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 ya sake yin kore. Masana daga Turai da Amurka sun zo sun auna, sun rubuta, yanzu kuma ana koyar da wannan dabara a wasu ƙasashen Afirka. Haka yashin da ke cinye kwaruruwan Gure, da ƙarancin ruwan sha na birnin Damagaram da ke zaune a kan dutse, da matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011, da tsofaffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke hannun gidajen malamai a Birni da Zango, duk fagage ne da jami'ar da ke kusa da su ta fi kowa damar zama gwana a kansu. Jami'a ƙarama ba za ta yi fice a kowane fanni ba, amma idan ta zaɓi biyu ko uku daga cikin waɗannan ta dage, ɗalibin Cadi ko Mali ko Jigawa zai sami dalilin zuwa Damagaram. Jerin gwanayen jami'o'in duniya da ake fitarwa kowace shekara, tun daga na Shangai da ya fara a 2003, bai kamata ya ɗauke mana hankali ba, domin abubuwan da yake aunawa, irin su lambar yabo ta Nobel da yawan takardu a manyan mujallu, an tsara su ne don jami'o'i masu kasafin kuɗin da ya fi na wasu ƙasashe.

Tsoronka na kwashe ƴaƴa gaskiya ne, kuma ya fi tsanani a fannin lafiya da injiniyanci, inda ƙasa ke kashe kuɗi mai yawa ta horar da mutum, sannan wata ƙasa mai arziki ta ɗauke shi a shirye. Abin da na lura da shi shi ne wanda ya fita yana ɗan shekara goma sha takwas, ya yi dukan karatunsa a can, ya fi wuyar dawowa, domin abokansa da hanyoyin samun aikinsa duk a can suke. Wanda ya yi lisansi a gida, ya fita don masta ko doktora a kan matsalar da ya taso da ita daga nan, yana da abin da zai komo wa. Waɗanda suka zauna a waje ma ba a rasa su gaba ɗaya ba: Mali ta yi amfani da shirin TOKTEN na Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa gayyato ƴaƴanta malamai su zo su koyar na ƴan makonni a Bamako, kuma yau da intanet ana iya kula da ɗalibin doktora daga nesa.

Shekarun baya-bayan nan sun kuma koya mana haɗarin dogara da ƙofa ɗaya. Bayan sauyin mulki na Yulin 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Nijar da Mali da Burkina Faso, ɗaliban da suka riga suka sami gurbi suka tsaya cirko-cirko, sannan ofishin jakadancinta a Yamai ya rufe a farkon 2024. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa ɗaliban Afirka da ke karatu a Khartoum, da yawa sun dawo ba tare da takardun makinsu ba. Shi ya sa yake da kyau ƙasa ta bambanta abokan hulɗarta, kuma guraben karatun da Maroko da Aljeriya da Turkiyya da Masar da Saudiyya da Indiya da Sin da Rasha ke bayarwa suna da muhimmanci. Amma duk wata hulɗa, da kowa aka ƙulla ta, tana buƙatar abu guda daga wajenmu: shekarar karatu ta fara a kan lokaci ta ƙare a kan lokaci. Jami'ar waje tana rufe karɓar takardu a ranar da ta sa, ba ta jiran wanda jarrabawarsa ta makara saboda yajin aiki ko jinkirin biyan bursi. Muddin lisansin shekara uku yana iya cin huɗu ko biyar a jami'o'in gwamnati na yankinmu, musayar ɗalibai na zango guda ba za ta yiwu ba, kuma wannan nauyi ne da ke kan gwamnati da ƙungiyoyin malamai da na ɗalibai baki ɗaya.

Game da ɗiyarka, shawarata ita ce kada ka sayar da gona ko gida don lisansi, matuƙar fannin da take so ana koyar da shi a nan. Jami'ar André Salifou tana da sashen kimiyyar lafiya, da na kimiyya da fasaha, da na adabi da nazarin zamantakewa, da cibiyar koyon sana'o'in fasaha, ga kuma babban asibitin ƙasa na Damagaram inda ɗaliban lafiya ke koyon aiki. Ta yi shekarunta na farko a gabanka, ta nemi maki mai kyau tun daga zangon farko, domin makin nan ne za a duba idan ta nemi gurbin masta, ta kuma ɗauki Turanci da kwamfuta da muhimmanci kamar sauran darussa. Kuɗin da za ka kashe a shekara guda a waje zai saya mata kwamfuta da littattafai da kuɗin intanet na shekara uku, har ya yi saura. Idan kuwa fannin babu shi a ƙasar, ko ta sami gurbi ta hannun hukumar ANAB mai kula da bursin ɗalibai, to fita ta dace, kuma kasancewarta mace ba dalilin hana ta ba ne, sai dai dalilin a bincika masauki da amintattun mutanen da za ta zauna kusa da su.

Idan fitar ta tabbata, akwai binciken da ba a tsallake shi. Na taɓa zama a kan takardun wani saurayi da ya dawo daga wata makaranta mai zaman kanta a wata ƙasar gaɓar teku. Ya zo da difloma a cikin leda, mai tambarin zinare da kirtani ja, mahaifinsa ya sayar da shanu ya biya masa shekara uku, amma da aka duba sai aka tarar ma'aikatar ilimi ta ƙasar da makarantar take ba ta amince da kwas ɗin ba, don haka ba ya iya shiga gasar ɗaukar ma'aikata, ba ya iya yin rajistar masta. Irin wannan matsala ce ta sa gwamnatin Najeriya, a watan Janairun 2024, ta dakatar da tantance digirorin da aka samo daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna cewa ya sayi digiri a Kwatano cikin makonni shida, matakin da ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. Saboda haka kafin ka biya ko dala, ka nemi shaidar cewa gwamnatin ƙasar ta ba makarantar izini, kuma izinin ya haɗa da ainihin kwas ɗin da yarinyar za ta yi, domin makaranta na iya samun izini a fanni ɗaya ta buɗe wasu biyar ba da izini ba. Idan ƙasar tana cikin CAMES, a duba ko kwas ɗin yana cikin jerin waɗanda ta amince da su. Idan Najeriya ce, a duba jerin NUC. Sannan a tuntuɓi ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai a ji ko za ta daidaita takardar da tamu idan an dawo da ita. A fannin likitanci da haɗa magunguna a ƙara da tambayar ƙungiyar masu sana'ar, domin ita ke ba da izinin aiki. Ka kuma umarce ta da ta riƙa karɓar takardar makinta a ƙarshen kowane zango, mai sa hannu da tambari, tare da bayanin darussan da kiredinsu, ta ɗauki hotonsu ta aiko maka gida ka adana.